Shekarar da Aka Juya Alƙiblar Garinmu

Ƴaƴana, da ku jikokin da kuka fara wayo, ba mu taɓa zuwa gida ziyara ba sai ɗayanku ya tsaya a maƙabartar bayan masallaci ya tambaye ni abin da ya sa kabarin mahaifina Malam Gado ya karkace, bai bi layin na mahaifiyata da ke gefensa ba. Nakan ce ku bari sai mun koma Dogon Dutsi, in mun koma kuma in yi kamar na manta. Na san kuma abin da kuke ji a bakin mutanen gari: wai ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya ɗauko ƙarfen awo na Nasara mai ƙafa uku ya kunyata ubansa a gaban jama'a, baƙin ciki ya kai tsoho ƙasa. Wannan labari ya fi nawa daɗin faɗa a inuwar gawo, shi ya sa ya daɗe. Amma ba haka aka yi ba, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa ta hana ni yawo, bari in zauna in jera muku shi yadda ya faru. Ni mai awon ƙasa ne, na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa mutane inda iyakar gonarsu ta tsaya, ko sun ji daɗi ko ba su ji ba, don haka kada ku sa ran zan yi wa labarin kwaskwarima.

Komai ya faro ne daga wani littafi. Baba ya yi karatu a ƙasar Sakkwato yana saurayi, wurin wani tsohon malami da ya san ilimin hisabi da taurari. Da zai dawo gida malamin ya ba shi littafin nan, don a cikin ɗalibansa shi kaɗai ne ba ya gyangyaɗi in an zo lissafi. Rubutun hannu ne, takardu a sake cikin gafakar fata, tawada baƙa da ja, gara ta ɗanɗana gefensu. An ce a Fas aka rubuta shi, can ƙasar Magrib, ya bi ayari ya ƙetare hamada, ya yi ta sauya hannu har ya zo namu. Ni ina yaro ba karatun ne ya ja ni ba, zane-zanen ne. Akwai wani faifan tagulla mai zobe a ka da layuka masu lanƙwasa birjik, ana ce masa usturlabi, da shi ake auna tsayin tauraro. Akwai igiyar awo mai ƙulle-ƙulle, da wasu sanduna a giciye na gane nisan abin da ba ka iya isa wurinsa. Akwai kuma rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu na da'ira, da zare da ɗan gutsuren dalma a rataye. Baba ba shi da hanyar samun tagulla, amma rubu'in bai fi ƙarfinsa ba. Ya sa masassaƙin turmi ya fitar masa da shi daga itacen ƙirya, ya zauna da allura mai zafi yana tsaga alamomin ɗaya bayan ɗaya yana duban zanen. Da shi yake auna tsayin rana ya san azahar ta yi ko la'asar, a zamanin da babu agogo ko guda a garinmu. Inna takan yi masa tsiya ta ce ita kaushin ƙafarta bai taɓa ganin man da katakon nan ke sha duk Juma'a ba.

A tsakiyar littafin akwai zanen da ya fi kowanne kyau: babbar da'ira, Ka'aba a tsakiya, an yayyanka kewayen kamar kabewa, kowane yanki da sunayen ƙasashensa da inda mutanensu za su fuskanta in za su yi salla. Ƙasarmu ba ta ciki. Wanda ya zana bai san da Arewa ba, balle wani ƙauye a bayan Matankari. Amma akwai yankin mutanen Magrib, kuma malamin Baba ya gaya masa cewa mu ma mutanen yamma ne, littattafanmu na fiƙihu daga can suka zo, rubutunmu irin nasu ne, to alƙiblarmu ma tasu ce. Yankin nan ya ce a bar mafitar rana a hagu, a karkata dama wajen kudu. Su a can arewa da Makka suke, dole su karkata kudu. Mu kuwa kudu da ita muke, sai dai mu ɗan karkata hagu. Kafin Baba ya dawo, mutanen garinmu mafitar rana kawai suke duba su ta da salla, ba su san ma sun kusa dacewa ba. Sai ga saurayi da gafaka a kafaɗa da zafin kai, ya buɗe musu zanen, ya yi ta ja da dattawa har suka sakar masa. Da aka tashi gina masallacin ƙasa, shi ya ja igiyar tushe. Shi ya zama liman. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya rasu a garin, ba a sara ƙasa sai Malam Gado ya zo da turakunsa da igiyarsa ya fitar da layin kabari, don mamaci ya kwanta kan damarsa fuska na duban alƙibla. Wannan aikin bai taɓa wakilta wani a kansa ba, ko da zazzaɓi yake.

Ni kuwa, lokacin da aka nemi yaran da za a sa lakwal, gidaje suna ta ɓoye nasu a rumbu, Baba da kansa ya kama hannuna ya kai ni, don ya ji an ce ana koyar da lissafi. Daga nan har Yamai, har na fito da takardar awon ƙasa. Shi ya laƙaba mini suna Mai-awo, kuma in na zo hutu sai ya zaunar da ni ya yi ta tambaya yadda ƙarfen namu ke aiki, ya ce ai duk jikokin rubu'insa ne, sun dai sami gata. Hutun farko da na zo da busol a aljihu, wato ɗan akwatin nan mai allurar da ke nuna arewa, na jira aka watse daga masallaci na ajiye shi a kan tabarmar liman. Wasa na ɗauki abin, ina son in je in ce masa allurar Nasara ma ta gaskata shi. Allura ta nuna wani wuri, bango ya nuna wani, kuma tazarar ba ta ɗan gyara tsayuwa ba ce. Na maimaita, na canza wuri, na sake lissafi a takarda. Na mayar da busol aljihu na fito. Shekaru na yi ina yawon aiki daga Kiyeshe har Gesheme, ina raba gonaki ina yanka filaye, ina faɗa wa kowa gaskiyarsa ba kunya, amma wannan ɗaya na bar ta a cikina. In na zo gida sai in bi sahu in fuskanci inda Baba ya fuskanta. Ko yau ban ɗauki shirun nan laifi ba. Babu wanda ya tambaye ni, kuma ɗa ba ya tashi haka kawai ya rushe wa ubansa aikin rayuwarsa.

Shekarar da nake ba ku labari, Inna ba ta daɗe da rasuwa ba, idon Baba kuma yana ya rufe shi, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Yayata Kulu, wadda mijinta ya rasu, ita ta dawo gida tana kula da shi. A garinmu akwai wani Laminu, ɗan maƙwabcinmu Abdu, wanda ya yi karatun allo a zaurenmu. Ya girma ya zama ɗan kasuwa, yana da kanti a Dogon Dutsi, yana cikin samarin nan masu ɗage wando da son a kawo hujja kan kowane abu. Allah ya buɗa masa, ya je hajji, ya dawo da niyyar rushe masallacin ƙasa ya gina na siminti. Ya kuma dawo da wata darduma irin wadda ake liƙa wa busol a wajen goshi. Wata safiya sai ga shi a biro ɗina, wato ofishina na Dogon Dutsi, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa kamar ya shigo gidan surukai, ya kira ni Mushe, laƙabin girmamawa na Faransanci da ake yi wa ma'aikata.

"Mushe Shaibu, kun kwana lahiya? Magana ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba ta."

"In ta gona ta, zamna. In ta aure ta, ba nan ba na."

Bai yi dariya ba. "Ta alƙibla ta. Na shimhiɗa dardumar da nis sawo Makka cikin masallacin Malam, allura ta yi hagu, sahu ya yi dama. Samari dut sun gani. Ni ba ni son in zuba siminti bisa kuskure. Kai ad da abin awo, kai na kuma ɗanai. In baƙo munka kira, abin ya hi muni."

Na ce masa allurar darduma ba abin dogaro ba ce, ko ƙusa ta gani sai ta bi ta.

"To zaka ka ƙaryata ta," in ji shi.

Ya dube ni, na dubi takardun gabana. Laminu ba mugu ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Yaro ne mai son gaskiya da gaggawa, kuma a wannan kallon ya gane na riga shi sani.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi gida. Labari ya riga ni isa. Ban gama jingine babur ba Yaya Kulu ta tare ni a bakin rumbu, muciya a hannu, ko sannu da zuwa babu.

"Shaibu, in ka kahwa ƙarhen ga naka mai ƙahwa ukku ƙohwar masallacin Baba, ka manta kana da ƴar'uwa. Mutum ya rasa mata, ya rasa ido, abu guda yar rage mai, shi ma za ku amshe? Shekara nawa ta rage mai? Ku bari shi tahi da abinai."

Na ce mata ni ma abin da nake so ke nan, kuma gaskiya na faɗa. Na zo ne da niyyar in lallashi Laminu ya jinkirta gininsa. Amma Baba ya ji ƙarar babur, ya ɗaga murya daga zaure ya kira ni. Na same shi zaune kan buzu, rubu'in a cinya, yana bin tsagar alamomin da ɗan yatsa kamar mai jan tasbaha. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tsaya tambayar iyali ba.

"Mai-awo, tun yaushe kas sani?"

Na dubi rubu'in da ke cinyarsa.

"Tun hutun hwarko da nid dawo daga Yamai, Baba."

"Dut shekarun ga kana bayana, kana duban bango, kana sane ba nan ba na?"

"Ina bayanka dai, Baba."

Na ga haƙarƙarinsa na ɗagawa a hankali cikin taguwa. Sannan ya ce shi bai yarda da allura ba, ba ya ganin ta, bai kuma san wanda ya hore ta ba, ƙarfena ma haka. Ya ce in ɗauko littafin in buɗe takardun ƙarshe, waɗanda gara ta fi ci. Kafin in gano wurin ya fara karantawa da ka. Abin da wurin ke cewa shi ne, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba da azahar, har a rasa inuwa a can. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokacin, ko ina yake, to ya fuskanci alƙibla. Ɗaya daga ranakun nan tana faɗowa ne a ƙarshen bazara.

"Na san wurin ga tun ina saurayi," in ji shi. "Amma wa zai hwaɗa min azahar ta yi Makka ina zamne Arewa? Na gwada da azahar tamu, rana tana bisa kai, ba ta nuna komi. Sai nib bar shi nik kama zane. Yanzu an ce rediyon Laminu shina kamo kiran salla daga can. Kai ka hid da ranar da lissahinka, shi shi kawo rediyonai. In rana ta ce na karkace, na karkace."

Na ce masa ai malamai sun ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ba ya rama salla. Ya ɗaga mini hannu, wato kada in koya masa abin da shi ya koya mini.

"Salla ba ta dame ni ba. Uwarku ta. Ni nij ja igiyar kabarinta da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. In na karkace, to ban san inda nij juya huskarta ba."

A ranar na gane ba limanci ba ne a kan sikeli, ba kuma suna ba. Mutum ne da ya kwantar da matarsa da maƙwabtansa da ƴaƴan da suka riga shi, yana son ya san ko ya yi musu daidai.

Kwanakin da suka biyo baya zafi ya kai maƙura. An gama sharar gona, wasu har sun binne iri a busasshiyar ƙasa, kowa idonsa na gabas yana neman hadari. Yaya Kulu kuwa a fili take roƙon Allah Ya kawo girgije ranar, ya rufe rana ruf, a huta. Ba ta san ni ma roƙon da nake yi ke nan a kan babur ba. Ku lura da wannan, don shi ne inda labarin gari ya kauce: ƙarfena mai ƙafa uku ban ko fitar da shi daga akwatinsa ba, a Dogon Dutsi na bar shi. Abin da na zo da shi agogon hannuna ne kawai.

Ranar ta wayi gari sama tas, ko ƙyallin girgije babu. Azahar ta Makka hantsinmu ce. Tun da sanyin safe aka share farfajiyar masallaci, inda ake yin sahu in ciki ya cika, akwai jerin duwatsu da Baba ya dasa tun da can don daidaita ƙafafu. Gari kaf ya fito, mata suna leƙe ta saman danga. Na kafa sandar Baba a cikin rairayi, na rataya zaren rubu'insa mai dalma a gefenta har ta miƙe tsaye cak. Laminu ya tsuguna da rediyonsa yana murɗawa, sai shuu da ƙara da yarukan da ba mu sani ba, gumi na ɗiga daga gemunsa. Baba ya sa aka kai shi bakin duwatsun. Ya tuɓe takalmi, ya laluba da yatsun ƙafa ya tsaya yadda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Can sai muryar ladan ta ɓullo, siririya, tana zuwa tana komawa. Kowa ya yi tsit. Baba bai taɓa zuwa Makka ba, wannan ne karo na farko da ya ji kiranta. Na ga leɓensa na amsawa. Sannan ya ɗaga fuska sama. Hasken ya sauka a kuncinsa na hagu, kowa na gani, na dama yana cikin inuwar hancinsa. Ya tsaya haka ɗan lokaci. Sai ya fara juyawa hagu, a hankali, yana jan ƙafa cikin rairayi, har hasken ya zauna masa a tsakiyar goshi. Laminu ya ja layi bisa inuwar sandar. Baba ya sunkuya ya shafa sawunsa na farko, ya shafa na biyu, ya auna tazarar da tafin hannu.

Ya miƙe ya juyo wajen mutane. Ba wanda ya nemi ya yi magana.

"Jama'a, Gado ya karkatar da ku. Kakanninku da sunka dubi mahitar rana sun hi ni kusa. Ni niz zaka da littahi da zahin ƙuruciya nij juya su. Littahin bai yi ƙarya ba, ba don mu anka zana shi ba. Ku gahwarta min, ku roƙa min waɗanda ak kwance su gahwarta min."

Wani tsoho ya fara cewa haba Malam, haba Malam. Laminu ya bar rediyo yana ta ɓaɓatu a ƙasa, ya zo ya durƙusa ya kama ƙafar Baba yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya laluba kansa ya dafa.

"Tashi, ɗan Abdu. Abin da kay yi min shi niy yi ma dattawan zamanina, kai har ka hi ni ladabi. Ka gina da kyau. Amma kada ka cika ma katangar kauri, wani yaro na nan tahe da nashi abin awo."

Mutane suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Azahar ta ranar shi ya ja ta, a cikin tsohon masallaci, muna fuskantar kusurwa, sahu duk ya bi ya karkace kamar kunyar sabon manomi. Da ya sallame ya kira na'ibinsa ya ce daga yau shi ne liman. An roƙe shi, har da Laminu da samarinsa, ya ƙi. Ba wanda ya tuɓe shi, shi ya sauka.

Ba zan ce muku abin bai ci shi ba. Ya ci shi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka rushe masallacin ƙasa, sabon ya tashi a kan layin da inuwar sandarsa ta ja, amma Baba ya rage magana. Kullum bayan la'asar sai ya sa a kai shi bakin kabarin Inna ya zauna. Ya san hukunci sarai, ba a tone mamaci don wannan, malaman da suka zo gaishe shi daga Matankari ma sun maimaita masa. Yakan ce ya sani, ya ci gaba da zamansa. Ni kuwa nawa rabon ya zo ta wajen Yaya Kulu. Ba ruwanta da cewa ban kawo ƙarfe ba, a wurinta ni na fitar da ranar, ni na kafa sandar. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. In na zo gida ba ta zuba mini tuwo, sai dai matar maƙwabci ta aiko. Ita ce ta goye ni ina jariri, ita ta yi mini rakiya har bakin gari ranar da aka kai ni lakwal tana kuka, yau ga shi ko sunana ba ta kira. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da gari ke faɗa, kuma a lokacin ne labarin ƙarfe mai ƙafa uku ya samo asali, a bakin waɗanda suke daga baya ba su ga komai ba. Na bar shi ya yi ta yawo, don in na tsaya gyara shi sai na sake tona abin da Baba ke son ya lafa.

Bayan kaka ta biyu ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya ya sa aka kira mu, ni da Yaya Kulu, muka zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowa na kallon tabarma. Rubu'in na kusa da matashinsa. Kwana da kwanaki Yaya na ganin yana jujjuya shi yana motsa baki, ta ɗauka zafin ciwo ne. Ya tura mini shi tare da gafakar littafin.

"Mai-awo, kai za ka ja igiyar kabarina. Sabuwar alƙibla. Kada ka ji tausaina."

"To, Baba."

"Ka sa ni yamma da uwarku. Bayanta."

Yaya Kulu ta ɗago. "Baba, wurinka na gabanta, tun tuni anka bar maka shi."

"Na shiga gabanta shekara da shekaru, kun ga inda nik kai ta. Ku sa ni baya."

Na ɗauka tawali'u ne kawai irin na tsoho mai shirin tafiya. Bai ƙara mako ba ya cika. Da muka je maƙabarta na kafa turaku yamma da Inna, na ja igiya bisa sabon layi, masu haƙa suna tsaye suna jira. Sai da igiyar ta miƙe na ga abin da ya gani ba da ido ba. Kun san mamaci kansa na kudu ne, ƙafafu arewa. Kabarin Inna, da yake kan tsohon layi, kansa ya kwanto yamma. Na Baba, a sabon layi, kansa ya kwanto gabas. Da a gabanta aka sa shi, ƙafafunsu ne za su haɗu, kawunan su rabu. Da yake a bayanta ne, ƙafafun suka buɗe, kawunan suka matso har sai da na ce wa masu haƙa su yi a hankali. Ga shi yana duban alƙibla daidai, kuma duban nasa ta kanta yake bi ya wuce. Na tsuguna riƙe da turke na yi kukan da ban yi ba ranar hantsin nan, mutane suna ba ni haƙuri ba su san abin da na gani ba.

Bayan addu'ar uku, da sassafe, na ga Yaya Kulu tsaye a bakin shingen maƙabarta, ta daɗe tana kallo. Na zo na tsaya nesa kaɗan, ban yi gaisuwa ba don na gaji da amsar bango. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Kai kaj ja igiyar ga?"

"Ni nij ja, Yaya. Shi ya auna."

Ta sa bakin zane ta share fuska. Ta juya za ta koma gida, ta yi taku kaɗan, ta tsaya.

"Shaibu, taho ka sha hura tun ba ta yi tsami ba."

Littafin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, rubu'in na kansa, ina shafa masa mai duk Juma'a. Wanda ya fi son lissafi a cikinku ya ɗauka bayana, ya duba zanen da kyau, ya kuma tuna ya tambayi inda mai zanen yake tsaye kafin ya bi shi. Abu guda nake roƙonku. In damina ta watsa duwatsun kabarin nan kuka je gyarawa, za a sami mai ido da zai ce a miƙe shi ya yi layi da na kusa. Kada ku bari. Shi ne awon Baba na ƙarshe, kuma wannan karon bai kuskure ba.